Kashi Ɗari Tara Cikin Ɗari

Ba iyayensa ne suka sa masa Shaho ba, ba kuma abokai ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta maimaitawa shekara ashirin da biyu har mutane suka gaji suka karɓa. Mai aski ne, kuma kujerarsa ce ta bakin taga a shagon da ke tsakanin kantin kayan masarufi da rumfar mai gyaran waya. A cewarsa, daga wannan kujera yana iya ƙirga gashin girar mutumin da ke tsallaken titi. Ba a taɓa samun wanda ya tsallaka ya tabbatar ba.

Abin da aka tabbatar shi ne, tun bara askinsa ya fara bin hanyar da shi kansa bai sani ba. Tsofaffin abokan cinikinsa ba su ce komai ba, don hirarsa suke zuwa ji, kuma yawancinsu gashin da ya rage musu bai kai a yi rigima a kansa ba. Asiri ya tonu ne wata Litinin, da wani baƙo ya shigo a gyara masa fuska zai je ɗaukar hoton fasfo. Ya shigo da gira biyu, ya fita da ɗaya da rabi.

Mai Shago ya jira har baƙon ya gama faɗin abin da ke ransa ya tafi. Shi ɗan marigayin da ya kafa shagon ne, Shaho ne ke masa aski tun ana ɗora shi a kan katako don ya kai madubi, shi ya sa har yau yake sassauta murya in zai yi masa magana.

"Kawu, zauna mu yi magana."

"A tsaye ma ina ji."

"Girar mutumin nan."

"Motsi ya yi."

"Barci yake yi, Kawu."

"To a mafarki ya motsa."

Mai Shago ya shafa fuska. "Mako biyu na ba ka. Ka je asibitin ido su duba ka, ka kawo mini takarda. In tabarau suka ce, ka sa. In ba haka ba, Dogo ya dawo bakin taga, kai kuma ka koma wankin tawul da sharar gashi."

Dogo shi ne ɗaya mai askin. Kujerarsa na jikin ƙofar banɗaki, kuma shekara tara ke nan yana kallon tagar nan ta wutsiyar ido. Ya sunkuyar da kai yana goge almakashin da ya riga ya goge.

"Tabarau," in ji Shaho, kamar an ce masa ya sa ɗankunne. "Ranar da aka gan ni da tabarau ai sai a koma ce mini Mujiya. Ka riƙe mako biyunka. Idon nan a wurin kakana na gada, shi kuwa yana da shekara casa'in yake zura zare a allura, a kan keke."

Washegari da hantsi Hedimasta yana zaune a kan bencin jira. Tun da ya yi ritaya nan ne ofishinsa, kuma mutum ne da ba ya iya barin rubutu ya wuce bai karanta ba. Ya gama jarida, ya gama kalandar bango, sai ya ɗauki kwalin sukarin da ake sa wa shayi yana jujjuyawa.

"An ƙara bitamin A," ya karanta a hankali.

"An ƙara wa wa?" in ji Shaho.

"Wa sukarin. Haka kamfanoni ke yi yanzu. Man girki, fulawa, madara, bota, duk suna zuba musu ɗan bitamin, su rubuta a bayan kwali. Shi A ɗin nan ido yana buƙatarsa. Rashinsa ne ke kawo dundumi, mutum ya kasa gani in duhu ya fara. Amma fa wanda matsalarsa..."

Ya ɗago kai, ya ga labulen ƙofa yana lilo. Hedimasta ya shekara talatin da biyar yana koyarwa, don haka ba yau ya fara ganin ɗalibi ya tafi da rabin jimla ba.

A kanti Shaho ya fara daga kantar farko. Sai ya ɗauki kwalba, ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya ƙanƙance ido, ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, sannan ya miƙa wa Mai Kanti.

"Karanta mini nan in ji ko ka iya."

"Ai kai ma ka karanta yanzu."

"Na karanta. Kai nake gwadawa. Kana sayar wa mutane abin da ba ka sani ba."

Mai Kanti ya karanta. A nan Shaho ya gano abin da ya fi bitamin ɗin kansa daɗi, wato lambobin da ke gefe. Cokali ɗaya na wannan yana ba da kashi goma sha biyar cikin ɗari na abin da jiki ke buƙata a rana. Kofi ɗaya na wancan, kashi ashirin. Ya koma shago rungume da leda uku da kuma tsari cikakke.

"Ɗari cikin ɗari," ya bayyana wa benci, "na talakan ido ne, wanda ba ya komai da shi sai kallon hanya da talabijin. Mai aski dole ya wuce nan. Ni zan riƙa cin kashi ɗari tara kullum. Kwana goma sha huɗu, ido ya koma na ɗan shekara ashirin."

"Ina ka samo ɗari tara?" in ji Hedimasta.

"Dubu ta yi yawa. Ni ba mai zaƙewa ba ne."

Ya ɗauko alli ya fara jera lambobi a bayan ƙofa. A yana nan, D yana nan, ga sinadarin ƙarfe na fulawa, ga aidin na gishiri, ya ja layi a ƙasa ya haɗa su duka.

"Ba a haɗa su haka," in ji Hedimasta. "Kowanne aikinsa daban. Kamar ka haɗa makin lissafin yaro da lambar takalminsa ne."

"Duk ba ciki ɗaya suke shiga ba?"

Hedimasta ya buɗe baki, ya duba fuskar Shaho, ya koma kan kalanda.

Da rana Shaho ya je gida cin abinci. Matarsa, wadda yake kira Maman Yara ko da yake yaran duk sun yi gemu sun watse, ta ji labarin gira tun jiya. Sai ta dafa shinkafa da miyar alayyahu, ta zuba karas da hanta, don ita ma tana da kunne, ta taɓa jin abin da ke gyara ido. Shaho ya buɗe kwano, ya tsamo yankan karas da cokali, ya juya shi.

"Ina takardarsa?"

"Takardar me, Malam?"

"Karas ɗin nan. Ina aka rubuta abin da ke cikinsa? Kashi nawa ne? Wa ya sa hannu?"

"A ƙasa ya fito. Ba a ba shi biro ba."

"To kin gani. Ita hantar ma haka. Daga yau duk abincin da ba shi da rubutu a jikinsa ba zai shiga bakina ba. Abinci marar rubutu jita-jita ne."

"Shekara talatin kana cin jita-jita," in ji ta, "har da neman ƙari."

Ta ɗauke kwanon ta cinye a gabansa. Shi kuma ya shafa wa burodin leda bota mai kaurin yatsa, ya barbaɗa garin madara a kai, ya ci yana duban bango da fuskar mai aikin gwamnati.

A kwana na uku shayinsa ya kai cokali goma sha biyu na sukari. Ba a shansa, sai dai a tauna. Kiyashi suka ji labari, suka ja layi daga bakin ƙofa har ƙafar kujerar taga, suka hau. Duk wanda ya zauna aski sai ya fara ƴan mutsu-mutsu, Shaho kuwa ya sami abin da ya daɗe yana nema, wato abokan ciniki masu motsi da gaske.

A kwana na biyar ya lura kwalbar man girki ta fi kowa lamba, sai ya daina wahalar da kansa da cokali. Ya cika kofin shayi da mai, ya ɗaga wa benci kamar mai gaisuwa, ya shanye. Minti arba'in komai lafiya. Yana tsakiyar askin wani direban tasi, ya gama gefen dama, sai ya tsaya cak. Ya kashe inji, ya ajiye shi a hankali, ya taka zuwa bayan shago da irin takun mutumin da ke ɗauke da ƙwai a aljihu.

Ya dawo, ya kunna inji, ya kashe, ya koma. A zuwa na bakwai Dogo ya janye kujerarsa ya ba shi hanya.

"Kawu, in wannan ɓangaren ya fi maka sauƙi, ai sai mu yi musanya tun yanzu."

"Jiki ne ke fitar da tsohon gani," in ji Shaho ta bayan ƙofa. "Sai ya fita sabo zai sami wuri."

Direban ya gaji da jira, fasinja na kiransa a waya, ya tafi da rabin kai. Kafin ya tafi Dogo ya yi tayin ƙarasa masa, Shaho ya leƙo ya ce ba a taɓa aikin babba.

Unguwa kuwa ta kamu. Ba wai mutane sun yarda da shi ba ne, amma ganin mutum ya dage haka yana sa a ɗan duba bayan kwali. Mai wanki ta gano gishirinta yana da aidin, ta yi kwana biyu tana faɗa wa duk wanda ya kawo kaya. Mai gyaran waya ya gano biskitin da yake ci shekara biyar ba shi da komai sai fulawa da alkawari. A kanti layi ya daina tafiya, don kowa ya tsaya karatu. Mai Kanti, wanda kimiyya ba ta taɓa hana shi barci ba, ya zama babban mai goyon bayan binciken, musamman da ya ji Shaho yana shelar cewa garin madarar nan na gwangwani rawaya shi ne sarkin bitamin.

A kwana na takwas Shaho ya shigo yana ƙyalli. Ba duk fuskar ba, iya kewayen ido.

"Kawu, mene ne wannan?" in ji Mai Shago.

"Gajeriyar hanya." Ya juya ga benci, don ba ya ɓata bayani a kan mutum ɗaya. "Ku duba. Bitamin ya shiga baki, ya gangara ciki, sannan a ce ya hauro har ido. A hanya wa zai bar shi? Gwiwa ta ɗiba, ƙoda ta ɗiba, wannan ya ce nasa, wancan ya ce nasa. Kafin ya iso ido sai kwali. Ni kuwa na kai masa kayansa har ƙofar gida."

Bota ce ya shafa a fatar ido, sama da ƙasa. Kafin azahar zafin fitilun madubi ya narkar da ita, ta fara gangarowa. Ƙudaje uku suka mai da fuskarsa wurin aiki na dindindin. Injin aski ya suɓuce masa sau biyu, sau ɗaya a cinyar wani tela.

"Ya fara aiki," in ji shi yana ƙifce-ƙifce. "Yanzu ina ganin abin da da ba na gani. Kowace fitila tana da zobe mai launi bakwai. Hedimasta, kai kana ganin zoben?"

"Ba na gani."

"To ka ji."

"Lalle ka wuce mu," in ji Hedimasta, "ta wata fuskar."

A kwana na goma sha ɗaya Maman Yara ta shiga kicin ta tarar da shi tsaye a kan tukunya yana juya wani abu mai warin rumbu. A gefe ga ɗan buhu mai hoton zakara.

"Malam, abincin kaji ne wannan."

"Na sani. Mai sayarwa ya karanta mini takardar. A, D, E, K, da B har kala shida. Babu kwalin ɗan Adam da ya kai shi. Kin taɓa ganin yadda kaza ke hango ƙwayar hatsi ɗaya a cikin yashi?"

"Na gani. A karkace take kallo, da ido ɗaya, kuma rabin abin da take tsinta tsakuwa ce."

"Hassada ce ke damunki."

"Ita ce. In ka fara ƙwai ka sanar da ni in daina saye."

Ya kai cokali ɗaya baki, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce bai nuna ba. Ya rufe tukunyar ya fita. Kajin maƙwabta sun ci da kyau ran nan.

Saura kwana biyu, wando ya daina rufuwa, ƙananan rubutu kuma suna nan yadda suke, kamar sawun kiyashi. Da wani ne, da ya karaya. Shaho sai ya sayo gwangwanin madara rawaya ya ajiye kusa da Hedimasta.

"Karanta mini bayan nan. Ina so in ga ko idonka na nan."

Hedimasta ya karanta. Bayan awa ɗaya aka sake gwada idonsa. Kafin a tashi an gwada shi sau tara, washegari sau goma sha ɗaya, kuma duk lokacin leɓen Shaho na motsi a hankali. Hedimasta ya lura, amma ya taɓa shirya yara don jarrabawa, ya san ba a hana mai hadda haddarsa.

Da yammacin kwana na goma sha uku Mai Shago ya ce, "Kawu, gobe ne fa. Ina takarda?"

"Takarda mutum ɗaya ne ke sa mata hannu. Ni shaidu hamsin zan kawo maka. Gobe ƙarfe goma, a ƙofar shagon nan, a ɗauko gwangwani daga kanti, in karanta maka rubutun da ya fi kowanne ƙanƙanta, jama'a na ji."

Mai Shago ya waiwaya. Ya dubi kiyashi, ya dubi alli a bayan ƙofa, ya dubi ƙudaje.

"Na yarda. In ka karanta, kujera taka ce, ba zan ƙara maganar ba. In ka kasa, daga nan sai asibiti, kuma Dogo na bakin taga har ka kawo takarda."

"Ka shaida, Hedimasta."

"Ai ni kullum a shaida nake," in ji Hedimasta.

Ƙarfe goma ba ta yi ba ƙofar shago ta cika. Mai wanki ta bar kaya a ruwa, mai gyaran waya ya rufe rumfa, tela ya zo yana ɗan ɗingishi. Shaho ya fito sanye da farar rigar aiki, an goge ta har tana yanka. Saboda muhimmancin ranar ya ninka botar ido, ta yadda duniya gaba ɗaya ta zame masa kamar ana kallonta ta ƙasan kwalba.

"Mai Kanti, ɗauko kowane gwangwani ka ga dama," in ji shi da murya mai ƙarfi. "Kowanne. Misali rawayan nan na kanta ta biyu, gefen hagu."

Abin da Shaho bai sani ba shi ne wa'azinsa ya karɓu fiye da yadda ya zata. Madarar ta ƙare tun jiya da la'asar. Mai Kanti kuwa ba ya son kanta ta zauna fayau, sai ya cike gurbin da man goge katako, wanda shi ma gwangwaninsa rawaya ne, girmansu ɗaya.

Ya kawo, yana jan ƙafa. "Shaho, ai wannan..."

"Kada ka ba ni satar amsa a gaban jama'a."

Ya karɓa, ya ɗaga shi daidai hanci, ya gyara murya, ya ɗora yatsa a kan rubutu.

"Garin madarar shanu mai cikakken maiƙo. An ƙara bitamin A da bitamin D. Yana taimaka wa ƙashi da haƙora." Ya ɗan tsaya, ya matso da gwangwanin, don a ga wurin yana da wuya. "Kowane kofi, kashi ashirin cikin ɗari."

Babu wanda ya yi tari. A jikin gwangwanin, ta ɓangaren da ke fuskantar jama'a, akwai hoton teburi yana walƙiya.

"Yadda ake haɗawa," ya ci gaba, shirun ya ƙara masa ƙarfi. "A zuba cokali uku a kofin ruwan ɗumi, a juya sosai."

"A sha?" in ji mai wanki.

"A sha mana. Safe da yamma. Yara ma, daga shekara ɗaya zuwa sama." Ya sauke gwangwanin, ya miƙa gefen da yake zaton Mai Shago yake, wanda a gaskiya sandar fitilar titi ce. "A ba Hedimasta ya tabbatar."

Hedimasta ya karɓa, ya gyara tabarau, ya karanta da muryar da yake karanta sakamakon ƙarshen shekara.

"Man goge katako. Don tebura, kujeru da ƙofofi. A shafa da tsumma mai laushi. Kada a kusantar da shi ga wuta. A ajiye inda yara ba za su kai ba. In an haɗiye, a garzaya asibiti."

"Bitamin nawa?" wani ya tambaya daga baya.

"Ba su faɗa ba."

Dariyar ba ta tashi gaba ɗaya ba. Daga tela ta fara, ta bi layi.

"Hedimasta," in ji Shaho cikin tausayi, "kwana biyu ina gwada idonka, na san za a zo nan. A ba wani."

Aka ba Dogo. Dogo bai taɓa karatu da irin wannan natsuwa ba. Ya karanta har adireshin kamfani, ya koma ya maimaita wurin tsumma mai laushi.

"Haɗin baki ne," in ji Shaho. "Kawo nan. Madara ai ba ta ɓuya."

Ya fizge gwangwanin ya kama murfi. Hannun da ya shafa bota da shi ne. Murfin ya ƙi, ya ƙi, sannan ya yarda gaba ɗaya. Gwangwanin ya yi sama, ya juya, ya kife a kan simintin ƙofa, warin sabon kabad ya cika titi. Shaho ya taka gaba don ya ɗauka. Kamfanin bai yi ƙarya ba, man yana sa abu santsi. Ƙafar dama ta tafi wajen kanti, ta hagu ta nufi rumfar waya, shi kuma ya zauna a tsakani, ya ɗan yi tafiya a zaune har bakin kwata.

Daga nan ƙasa ya ɗaga yatsa. "An canza gwangwani."

"An canza," in ji Mai Shago. "Kowa a nan ya gani, Kawu. Kai kaɗai ne ba ka gani ba. Maganar ke nan tun farko."

Jama'a suka dare, Maman Yara ta ratso da jakarta a hammata. Tun ƙarfe tara ta tsayar da tasi a bakin layi. Direban ya fito ya taya ta ɗaga shi, kuma ya yi hakan da fara'a, ko da yake gefen kansa na dama bai gama tsirowa ba. Ya shimfiɗa jarida a kujerar baya kafin ya bari a zaunar da shi.

A asibitin ido likitar ta dube shi sau ɗaya ta nuna masa famfo. Sai da ya wanke fuska sau uku da sabulu ta yarda ya zauna.

"Baba, karanta mini layi na huɗu a allon can."

"Kafin nan, ƴata, ya kamata ki san wa kike dubawa. Kwana goma sha huɗu ina kan kashi ɗari tara."

"Na me?"

"Na komai."

Ta ajiye biro. Maman Yara ta ba da bayani, ba ta rage ko abincin kaji ba. Likitar ta saurara da fuskar wadda ta yi alkawarin ba za ta yi dariya a wurin aiki ba.

"Baba, bitamin ɗin da ake ƙara wa abinci ɗan kaɗan ne, don ya cike wa mutum abin da bai samu a tukunya ba. Ga wanda ya rasa, yana da amfani sosai. Wanda ya ƙoshi kuwa, ƙari ba ya ƙara masa gani, A ɗin ma in ya taru da yawa hanta yake wahalarwa. Kai idonka ba yunwa yake ji ba. Shekaru ne."

"Kakana yana da casa'in..."

"Allah ya ji ƙansa. Layi na huɗu."

Babu layi na huɗu. Babu na uku. Na biyu an yi ciniki. Ta rubuta masa wata takarda ta gwajin sukari, ta ce kofin mai ya tsaya daga yau, karas da hantar Mama kuma a ba su haƙuri a dawo da su. Sannan ta ɗora masa wani firam mai nauyi a hanci, tana zura gilasai tana cirewa. A na biyar Shaho ya yi shiru, abin da ba a saba ji daga gare shi ba. Ya karanta layi na huɗu, na biyar, na shida, har sunan wanda ya buga allon. Ya juyo ya dubi matarsa, ya daɗe yana dubanta.

"Maman Yara, yaushe kika yi furfura?"

"Shekara shida ke nan. Rabinta a mako biyun nan."

Kwana uku ya ɗauka kafin tabarau ya fito, kwana ukun da Dogo zai riƙa ba jikokinsa labari. Ran na huɗu da safe Shaho ya ɗaga labule ya shigo, gilashi a fuska, takarda a hannu. Mai Shago ya karanta ta har ƙasa, ya ninke, ya dubi Dogo. Dogo ya tattara almakashi da mataji, ya yi wa taga kallo ɗaya, ya koma jikin banɗaki.

"Kada wani ya yi mini wata fassara," in ji Shaho yana ɗaura rigar aiki. "Likita ta ce ba ta taɓa ganin ido irin nawa ba. Ƙarfin ne ya yi yawa, har yana wuce abin da nake kallo. Wannan gilashin birki ne."

"Haka muka yi zato," in ji Hedimasta. Ya tashi daga benci ya hau kujerar taga, don wata ya cika, kuma wani dole ya fara.

Shaho ya yafa masa ƙyalle, ya ɗauki inji, ya zagaya ta baya. Sai ya tsaya. Ya sunkuya. Ya juya kan Hedimasta dama, ya juya shi hagu. Ƙeyar tana da matakala uku, kunne ɗaya a fili, ɗaya a daji, ga wani tsibiri a tsakiya da ba a san dalilinsa ba.

"Subhanallahi. Hedimasta, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

Mai Shago ya sami abin dubawa a cikin aljihun teburi.

"Wani ne," in ji Hedimasta. "Na daɗe ina zuwa wurinsa."

"To ka rabu da shi. Mutumin nan ba ya gani."

"Na ji an ce ya bar aikin."

"Gara," in ji Shaho, ya kunna inji. "Irinsu ne ke ɓata mana suna."